Ziyarar Ise a Japan: Abin da Baƙo Zai Yi da Abin da Zai Bari

'Yan'uwanmu da ke zuwa Japan ba su kai masu zuwa Dubai ko Sin yawa ba, amma akwai su: ɗalibai masu karatu da tallafin gwamnatin ƙasar, ma'aikatan da hukumar JICA ke kaiwa kwas, 'yan kasuwar motoci da kayan gyara, da masu raka manya wajen taro. Duk wanda ya kwana biyu a can, wata rana sai mai masaukinsa ko abokin aikinsa ya ce masa ya shirya, ranar hutu za a kai shi jinja, wato wurin bautar addinin Shinto. A nan ake samun kuskure iri biyu. Wani yakan ƙi zuwa ƙememe, ya bar mai gayyata cikin jin nauyi, alhali shi karramawa ya nufa. Wani kuma yakan bi ayari ido rufe, duk abin da ya ga ana yi sai ya yi, sai an koma masauki ya gane ashe ibada ya taya mutane.

Rashin sanin abu ɗaya ne ya jawo wa su biyun. A wurin bautar Shinto akwai ladabin shiga gidan mutane, akwai kuma bauta tsantsa. Ladabin wajibin kowane baƙo ne. Bautar kuwa babu mai tilasta maka, babu ma mai tambayarka dalilin barinta. Hukuncin shiga irin wannan wuri na malamai ne, ka tambayi naka kafin ka tashi. Aikin wannan rubutu shi ne ya rarrabe maka biyun, domin in ka yanke shawarar zuwa ka je ka san me kake yi. Zan yi misali da Ise, saboda shi ne wurin da mabiya Shinto suka fi girmamawa, kuma wanda ya iya kama kansa a Ise ba zai ji kunya a sauran ba.

Ka san gidan da za ka shiga

Shinto addinin gargajiyar Japan ne. Ba a san shi da wani mutum guda da ya kafa shi ba, kuma ba shi da littafin da ake ɗauka saukakke. Tsofaffin labaransa suna cikin littattafai biyu, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720. Mabiyansa suna girmama abin da suke kira kami, waɗanda suke ganin suna tare da rana, duwatsu, koguna da manyan itatuwa, har da kakanni da wasu fitattun mutanen da suka shuɗe. Wuraren bautarsa sun kai kimanin 80,000, daga ɗan ƙarami a lungun unguwa har zuwa mai dajin kansa.

Kada ka rikita shi da haikalin Buda, domin su biyun suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kusan kowane gari. Alamar jinja ita ce torii, ƙofa marar ƙyaure mai ginshiƙai biyu da sanduna biyu a gicciye a samanta. A haikalin Buda kuwa za ka tarar da gumaka da hayaƙin turaren wuta, sau da yawa har da makabarta. Japanawa da dama suna zuwa duka biyun: a kai jariri jinja, a kai gawa wajen limaman Buda.

Ise birni ne a jihar Mie. Abin da ake kira Ise Jingu tarin wuraren bauta 125 ne a cikin birnin da kewayensa, amma manyansu biyu ne. Naiku, na ciki, na Amaterasu ne, kami ta rana wadda gidan sarautar Japan ke danganta asalinsa gare ta. Geku, na waje, na Toyouke ne, kami ta abinci da sutura da muhalli. A riwayarsu Naiku ya kai shekara 2,000, Geku kuma 1,500. Tun 2017 babbar mai jagorantar bukukuwan wurin ita ce Sayako Kuroda, ƙanwar Sarki Naruhito. Firaministocin ƙasar sun saba zuwa a farkon watan Janairu, kuma a taron ƙasashen G7 na 2016 nan Shinzo Abe ya kai baƙinsa, ciki har da Barack Obama. Saboda haka wanda ya ce zai kai ka Ise, mafi darajar abin da ƙasarsa ke da shi zai nuna maka.

Hanya da lokaci

Daga Tokiyo ka hau jirgin ƙasa mai sauri, Shinkansen, zuwa Nagoya, tafiyar kimanin awa ɗaya da minti 40. Daga Nagoya jirgin kamfanin Kintetsu zai sauke ka a tashar Iseshi cikin wajen awa ɗaya da rabi. Daga Osaka ko Kiyoto ma akwai Kintetsu kai tsaye, tafiyar wajen awa biyu.

Al'adarsu ita ce a fara da Geku a ƙare da Naiku, kuma hanya ma haka ta fi sauƙi. Geku tafiyar minti 5 ce a ƙafa daga tashar Iseshi. Naiku yana da nisan kimanin kilomita 5 daga nan, sai an hau bas na minti 15 zuwa 20. Ka ware wa Geku minti 40, ka ware wa Naiku awa ɗaya da rabi. Ba a biyan kuɗin shiga. Ana buɗewa ƙarfe 5 na asuba duk shekara. Ana rufewa ƙarfe 5 na yamma daga Oktoba zuwa Disamba, ƙarfe 7 daga Mayu zuwa Agusta, ƙarfe 6 a sauran watanni.

In da hali ka kwana a Ise ka yi sammako. Da sassafe wurin shiru yake, sai masu shara da tsofaffin gari. Da hantsi ya ɗaga manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun fara juye mutane, daga nan kuma sai turereniya.

Akwai ranakun da ya kamata ka kauce musu. Kwana uku na farkon Janairu lokacin ziyarar sabuwar shekara ne, wadda suke kira hatsumode, ba masaka tsinke. Haka ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Agusta, lokacin da ƙasar duka ke hutu. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, daga Agusta zuwa Oktoba kuma guguwar teku na iya tsayar da jiragen ƙasa. Mafi daɗi shi ne ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, ko kuma Nuwamba.

Shirin da za ka yi tun a masauki

Shiri mafi muhimmanci magana ce. Tun kafin ku fita ka gaya wa wanda zai kai ka, cikin fara'a, cewa kana murnar ganin wurin kuma za ka girmama shi, amma addininka bai ba ka damar rusunawa ko yin roƙo a nan ba. Japanawa sun fi son a sanar da su abu tun da wuri a kan su gan shi kwatsam a gaban jama'a. In ka faɗa tun a mota, shi da kansa zai nuna maka inda za ka tsaya.

Tufafi su zama na mutunci, masu rufe jiki. Kaftani ko riga da wando duk sun yi, hijabi ma ba ya hana 'yar'uwa shiga. Babbar riga dai za ta ba ka wahala, domin hanyar duka tsakuwa ce kuma akwai matakala. Ka sa takalmi marar tsini wanda za ka iya doguwar tafiya da shi. Ba a cire takalmi a bakin ƙofa ko a kan hanya, sai in an shigar da kai ɗaki mai daɓen katako ko tabarma. Game da hula, al'adarsu ita ce namiji ya cire abin da ke kansa a gaban babban ɗakin bauta. In ba ka son cire taka, ka tsaya daga baya.

Ka riƙe tsabar yen saboda bas da ƙananan shaguna. Ka sa 'yar leda a aljihu, domin kwandon shara yana da wuyar samu a Japan, kowa da shararsa yake komawa gida. Da zarar ka shiga harabar an hana shan taba, ba a ci ana tafiya, ba a shiga da dabba, ba a tayar da jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto.

Daga ƙofa zuwa ciki

A bakin torii za ka ga mutane sun tsaya sun ɗan sunkuyar da kai kafin su wuce, in za su fita ma su juyo su sake. Wannan gaisuwa ce ga kami, don haka tana ɓangaren bauta. Kai abin da ke kanka shi ne ka rage murya, ka sa wayarka a shiru, ka wuce ta gefe. Tsakiyar hanya a wurinsu ta kami ce, shi ya sa ake bin gefe. A Geku ana bin hagu, a Naiku ana bin dama, kuma akwai alluna masu nuna haka.

Naiku ana shigarsa ne ta gadar Uji, gadar katako mai tsawon mita 100 da ɗoriya a kan kogin Isuzu, da torii a kowane bakinta. Bayan gadar sai doguwar hanyar tsakuwa a ƙarƙashin itatuwan da wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru. Kada ka taka saiwarsu, kada ka ɓare ɓawonsu, kada ka ɗauki ko da tsakuwa ɗaya da sunan tsaraba. Duk abin da ka ga an kewaye da igiya, ko itace ne ko dutse ko fili, kada ka tsallaka. A Geku akwai wasu duwatsu uku da aka kewaye haka a gefen hanya, baƙo na iya ɗauka wurin hutawa ne, alhali wurin yin wata hidimar tsarkakewa ne.

Kafin ka isa ciki za ka tarar da rumfa mai kwamin ruwa da ludayoyi masu dogon mariƙi, ana kiranta temizuya. Ga yadda suke yi. Mutum ya ɗauki ludayi da dama ya kamfaci ruwa sau ɗaya, ya zuba wa hannun hagu. Ya mayar da ludayin hagu ya wanke dama. Ya sake mayar da shi dama, ya tsiyaya kaɗan a tafin hagu ya kurkure baki, ya sunkuya ya zubar a magudanar da ke ƙasa yana kare bakinsa da hannu. Ya sake ɗauraye hagun, sannan ya miƙar da ludayin tsaye ragowar ruwan ya gangaro ya wanke mariƙin, ya kife shi inda ya ɗauka. Duk wannan da kamfata guda. A Naiku akwai kuma matakalar dutse mai faɗi da ta gangara bakin kogin Isuzu, inda mutane ke tsugunawa su wanke hannu a ruwan da ake hango tsakuwar ƙasansa.

Ɗan'uwa zai ga wannan ya tuna alwala, to ya kiyaye. Ba a kafa baki a ludayin, ba a shan ruwan, ba a wanke fuska ko ƙafa, ba a kakin majina, ba a barin ruwan da ya taɓa hannu ya koma cikin kwamin. Kuma ka sani a wurinsu tsarkakewa ce ta shirin bauta. Baƙi da yawa suna yi a matsayin ladabi kawai, wasu suna wucewa, babu mai tare kowa. In za ka yi ka yi daidai, in ba za ka yi ba ka ba masu yi wuri.

Ƙarshen hanyar matakalar dutse ce mai hawa zuwa babban ɗakin. A gindinta ɗaukar hoto ya ƙare. Daga nan sama an hana, kuma akwai masu gadi da ke lura. A saman za ka tarar da ƙofa mai rufin ciyawa da farin labule a rataye, iyakar inda talaka ke kaiwa ke nan. Ɗakin kansa yana can ciki, shinge bayan shinge, kuma a nan aka ce ake ajiye wani madubi mai alfarma a wurinsu, Yata no Kagami, wanda jama'a ba sa gani. In ka matsa gefe za ka hango ƙololuwar rufin ta saman shinge, da gajerun gungume a jere a kai masu ƙyallin zinariya a bakinsu. Na Naiku 10 ne, na Geku 9.

Inda bauta take

A gaban labulen nan mutum yakan jefa kuɗi, ya rusuna sosai sau biyu, ya tafa hannu sau biyu, ya haɗa tafukansa ya yi shiru, ya sake rusunawa sau ɗaya. Wannan ita ce ibadar. Musulmi ko Kirista da ba ya son shiga cikinta kada ya shiga layin ma. Ya hau ta gefe, ya tsaya inda ba zai tare wa kowa gaba ba, hannuwansa a sake, bakinsa a rufe, har abokan tafiyarsa su gama. Kada ka kwaikwayi tafin don wasa, kada ka yi dariya, kada ka ɗauki mai roƙo hoto a kowane jinja sai da izininsa.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Wannan magana tana aiki a kan bin hagu ko dama da rage murya, amma ba ta kai ga abubuwan da ke tafe ba, waɗanda duk na bauta ne ko da an jera su a kanta kamar kayan tsaraba:

Omamori, 'yar jakar yadi mai ado da ake ratayawa don neman kariya, ko cin jarrabawa, ko sauka lafiya. Laya ce.

Ofuda, takarda ko allon katako mai sunan kami da ake ajiyewa a gida.

Ema, ɗan allon da ake rubuta buƙata a rataye.

Omikuji, takardar duba da ake zara a ga sa'a. A Ise ba a yin ta, amma tana cike da sauran wurare.

Goshuin, hatimi da kwanan wata da ake buga wa mutum a littafi. Yana da kyan gani, sai dai asalinsa shaida ce cewa mutum ya zo ya yi bauta.

In aboki ya saya maka omamori da kyakkyawar niyya, kada ka yi masa wa'azi a tsakiyar jama'a, kada kuma ka jefa a shara. Ka gode masa, ka bayyana masa a keɓe cewa ba za ka iya riƙewa ba. In abin ya riga ya shiga hannunka, wuraren bauta suna da inda ake mayar da tsofaffin layu.

Wanda ya je da tawagar kamfani ko ta makaranta ya ƙara lura. Wani lokaci akan biya a yi wa ayari addu'a ta musamman a cikin wani ɗaki mai suna Kaguraden, da kiɗa da rawar gargajiya. A irin wannan zama a wuraren bautar Shinto akan miƙa wa mutum reshen itace ya ajiye a gaban kami, ko a ba shi ɗan ƙoƙon omiki, wanda giyar shinkafa ce. In ka ji an ambaci shiga ɗaki, ka tambayi me za a yi, ka ce za ka jira a waje. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya cancanci kallonka

Dab da babban ɗakin akwai fili mai girman wanda aka yi ginin a kai, an shimfiɗe shi da tsakuwa, babu komai a ciki sai wata 'yar bukkar katako. Wannan fili shi ne babban labarin Ise. Duk shekara 20 ana gina sabon ɗaki a kansa, irin tsohon sak, a yi ƙaura da dare zuwa sabon, sannan a warware tsohon, filinsa ya zauna yana jiran nasa zagayen. Sunan wannan al'ada Shikinen Sengu. An fara ta a shekarar 690 zamanin Sarauniya Jito. Yaƙe-yaƙen cikin gida sun taɓa tsayar da ita fiye da shekara 120, aka dawo aka ci gaba. Karo na 62 an yi shi a 2013, na 63 an sa shi a 2033, kuma tun 2025 aka fara bukukuwan share fagensa.

Yadda aka yi ginin ma ya nuna dalili. Katakon hinoki ne tsurarsa babu fenti, ginshiƙan an kafa su kai tsaye cikin ƙasa, rufin ciyawa ne. Irin wannan gini ba ya daɗewa a ƙasa mai ruwa. Akwai kuma aƙidarsu ta son sabuntawa da tsabta. Bayani na uku shi ne wanda ya fi jan hankalin mai sana'a: shekara 20 ita ce tazarar da kafinta zai ga aikin yana yaron shago, ya yi shi yana gwani, ya duba shi yana dattijo, ilimin bai yanke ba. Kuma aikin bai tsaya a gini ba. Ana sake yin kaya kusan 1,600, da takubba da sutura da kayan saƙa, ana sake gadar Uji ita ma. Aikin yana cin gungume fiye da 10,000, shi ya sa tun 1923 suka fara shirin dashen hinoki na shekara 200 a dajin wurin, mai faɗin hekta 5,500. Tsohon katako ba ya tafiya a banza. Manyan ginshiƙan ɗakin su ne ke zama torii na bakin gadar, sauran a rarraba wa wasu wuraren bauta. A bakin Geku akwai gidan tarihi mai suna Sengukan, da aka buɗe a 2012, inda da ɗan kuɗi kaɗan za ka ga kayan aikin kafintocin da samfurin wani ɓangaren ginin a ainihin girmansa. Duk injiniya ko magini da ya je Ise kada ya tsallake shi.

A Geku kullum sau biyu, safe da yamma, ake dafa abincin da ake miƙa wa kami, da wutar da ake samarwa ta murza itace a kan itace. Shinkafar daga gonar wurin take, gishirin kuma a Futami ake dafa shi daga ruwan teku. Ba a barin baƙo ya ga cikin hidimar, amma kana iya cin karo da limamai cikin fararen kaya suna wucewa a jere. In haka ta faru ka tsaya gefe har su wuce. Ranakun 1 da 11 da 21 ga wata, wajen ƙarfe 8 na safe, akan fito da dokin wurin a kai shi gaban babban ɗaki.

Cinkoson da za ka gani tsohon abu ne. A shekarar 1830 mutum fiye da miliyan 4 suka zo Ise, galibi a ƙafa, lokacin da jama'ar Japan duka ba ta wuce miliyan 30 da kaɗan ba. Wanda rashin lafiya ta hana shi zuwa yakan tura karensa da kuɗin guzuri a wuya, matafiya su riƙa ciyar da shi har ya je ya dawo.

Ciki da salla

Da ka fito daga Naiku za ka faɗa Oharai-machi, titi mai tsawon kimanin mita 800 cike da shagunan abinci, a tsakiyarsa kuma akwai unguwar Okage Yokocho da aka buɗe a 1993. Abin da garin ya yi suna da shi Akafuku ne, wanda shagonsa ya fara tun 1707: curin sakwarar shinkafa fari, an lulluɓe shi da markaɗaɗɗen jan wake mai sukari, an ja masa layi uku da yatsa a sama. Ana ci da shayi. Kwana biyu ko uku kawai yake yi, don haka kada ka saya da niyyar kawowa gida.

Sauran abincin sai da tambaya. Taliyar Ise, mai kauri da laushi cikin baƙin romo, da tekone-zushi, wato yankan ɗanyen kifi da aka jiƙa a miya aka ɗora a kan shinkafa, duk ba a sa musu nama, amma girkin Japan yana yawan amfani da mirin da sake, kuma dukansu daga giyar shinkafa suke. Riƙe kalmomi uku: butaniku naman alade, osake giya, sai mirin. Ka sa mai masaukinka ya rubuta maka su da rubutunsu a takarda ka riƙa nunawa. Gasasshen kifi da gishiri kawai, farar shinkafa da 'ya'yan itace su ne mafi sauƙin sha'ani. Ba a ba ma'aikacin shago kuɗin goro a Japan, ka biya abin da aka rubuta, ka ce arigato gozaimasu.

Kada ka shimfiɗa dadduma a cikin harabar wurin bauta, ko da ka ga fili a sarari. Ka tsara tafiyarka yadda salla za ta same ka a masauki, ko a Nagoya inda akwai masallaci, filin jirgin saman Chubu ma yana da ɗakin salla. Ka tambayi malaminka rangwamen matafiyi tun a gida. Sannan ka tuna alƙibla a Japan tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro sai ya duba wayarsa kafin ya kabbara.

In ba Ise aka kai ka ba

Ƙa'idojin nan suna aiki a sauran wurare da ɗan bambanci. Meiji Jingu a Tokiyo, wanda aka kammala a 1920, yana cikin dajin da aka dasa da itatuwa kimanin 100,000 da jama'a suka bayar. Fushimi Inari a Kiyoto, wanda tarihinsa ke komawa 711, shi ne mai dubban jajayen torii a jere har kan dutse. Itsukushima, kusa da Hiroshima, shi ne mai torii a cikin teku. A Izumo sau huɗu ake tafi maimakon biyu. Yasukuni a Tokiyo kuwa ka yi tunani kafin ka sa hotonka a can a Facebook, domin a 1978 an shigar da mutum 14 daga manyan waɗanda aka tuhuma da laifukan yaƙi cikin waɗanda ake girmamawa a wurin, kuma har yau ziyarar shugabanni can tana ɓata wa Sin da Koriya ta Kudu rai.

Kada ka ga shirun mutanen ka ɗauka ba sa hukunci. A Nuwamban 2024 'yan sanda sun kama wani ɗan yawon buɗe ido daga Amurka saboda ya karce haruffa a jikin torii na Meiji Jingu.

Mai yiwuwa kai ne Bahaushe na farko da mai gadin Ise ko mai shagon Akafuku zai fara gani, kuma da halinka za su auna wanda zai zo bayanka. Ka faɗi iyakarka tun da wuri, ka bi gefen hanya, ka rage murya, ka bar wa masu bauta bautarsu, ka gode wa wanda ya kai ka. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo da kai gida lafiya.